Ganyen Tuffa a Wankan Jego

Ina cikin ba jaririna nono na fara jin abin. Da hantsi ne, ina zaune a bakin gado da shi a cinyata, sai na ji kamar an watsa mini garin barkono a tsakanin kafaɗuna. Ƙaiƙayi ne mai zafi, irin wanda ke sa mutum ya ji kamar ya tuɓe fatarsa ya ajiye. Hannu ɗaya na tallafe da kansa, ɗayan kuma bai kai wurin ba, sai na riƙa goga bayana a jikin katakon gado kamar akuya a jikin katanga. Da ya ƙoshi na kwantar da shi, na shiga banɗaki na juya wa madubi baya, na leƙa ta kafaɗa. Ƙuraje ne jajaye, ƙanana, sun jeru layi-layi daga wuyana har ƙugu, kamar an zane ni da tsintsiya.

A lokacin ban yi sati da haihuwa ba, kuma haihuwar fari ce. Muna zaune a ƙasar waje, a unguwar Glenwood ta birnin Greensboro, a wani ɗan tsohon gida na haya da katakonsa ke ƙara duk inda ka taka. Maigidana yana aikin lodin kaya a wani babban sito, ya fita da sassafe sai yamma. Mahaifiyata tana Gombe, ba ta samu biza ba. Don haka wadda ta zo zaman jego ita ce Gwaggo, ƙanwar mahaifin maigidana, wadda ta daɗe a jihar Maine, can arewacin ƙasar, wurin ɗanta. Ɗan nata ne ya tuƙo ta a mota har Greensboro a ƙarshen watan Yuni, ya kwana ya juya.

Gwaggo ba ta zo hannu rabbana ba. Ta zo da kanwa, da gero, da citta da kanumfari, da wata ƙatuwar tukunya da ta ce ba ta yarda da tukwanen 'yan zamani ba. Ta kuma zo da buhu guda, an ɗaure bakinsa da gefen tsohon zani.

“Wannan fa, Gwaggo?” in ji maigidana lokacin da yake shigo da kayan.

“Ganyen wanka ne. Ka ɗauka da ruwan famfo zalla zan gasa maka matar?”

“Ai nan ma akwai itatuwa. Ga su nan har sun rufe mana taga.”

“Ka san sunansu? Ka san abin da ke cikinsu? Ni ba na taɓa jikin maijego da ganyen da ban san asalinsa ba. Wannan na bayan gidanmu ne, itacen tuffa, da bakina nake cin 'ya'yansa. Abin da ake cin ɗansa ai ganyensa ba ya cutarwa.”

A gida da ganyen darbejiya ake yi ko na runhu. A nan babu ko ɗaya, har shagunan 'yan Afirka na titin Gate City Boulevard maigidana ya duba. To ita Gwaggo ta yi nata tunanin, ta sari rassan tuffa da safen da za su taso, ta cusa a buhu. Da suka iso ta ajiye buhun a cikin ɗan kabad ɗin da ke bayan ƙofar banɗaki, inda muke ajiye tawul. Kullum safe da yamma sai ta zari reshe biyu ko uku, ta ɗaure su wuri guda, ta tsoma a tafasasshen ruwa. Ni kuma in zauna a kan 'yar kujera a cikin baho, ta riƙa tsomawa tana fyaɗa mini a baya, a ciki, a cinya. Ina ihu tana cewa, “Yi haƙuri 'yar nan, gobe ke za ki gode mini.” Yaron kam ruwansa daban, mai ɗumi, babu ganye.

Da na nuna mata bayana, ko matsowa ba ta yi sosai ba.

“Ƙurajen zafi ne. Wannan gari naku ai tanda ne. Kuma jini ne ke fita, ɗanyen jiki ne. Ruwan bai ratsa ki ba tukuna.”

Da yammar ranar ta ƙara yawan ganyen.

Haka muka yi ta yi. Ƙurajen suka sauko kafaɗa, suka zagayo ƙirji, suka bi cikin hannu. Wasu suka ɗuri ruwa. In na sosa su fashe, rigata ta manne a jiki, in zan cire sai na ciza leɓe. Na shafa man kaɗanya, na shafa hoda, na tsaya gaban fanka ba riga ina kuka a hankali don kada Gwaggo ta ji ta ce raki ne. Maigidana ya ce mu je asibiti. Gwaggo ta ce in muka je abu na farko da za su yi shi ne su hana wankan, su da ba su san darajarsa ba, sai in tashi da ciwon baya har tsufa. Ya dube ni, na sunkuyar da kai. A bari a yi suna tukuna, in ji ni.

Ranar suna na sa leshi mai dogon hannu, a cikin wannan zafin, don in rufe. Mata suka cika falo da kicin, ana ta waina da miyan taushe. Wata Anti da ke zaune can Summerfield a bayan gari, wadda ta fi kowa daɗewa a garin, ta zo karɓar yaron a hannuna, sai hannun rigata ya zame. Ta kama wuyan hannuna ta juya shi.

“Ke, mene ne wannan?”

“Zafi ne, Anti.”

“Wane irin zafi? Mu ma a garin muke.” Ta rage murya. “Ki yi hankali fa. Mutanen asibitin nan in suka ga ƙurji a jikin uwa, ba sa wasa. Sai su ce ba za ki taɓa shi ba sai sun gama bincikensu. Su sa shi can cikin gilashi, ke kina nan.”

Ban san ko gaskiya ta faɗa ba, ita ma ina jin ji ta yi. Amma maganar ta zauna mini a ƙirji. Daga ranar na daina ko ambaton asibiti. In maigidana ya tayar da zancen sai in ce ai da sauƙi, alhali ina jin kamar ana tafiya da ƙafafu a ƙarƙashin fatata.

Bayan suna da 'yan kwanaki, wata safiya, Gwaggo tana kicin tana dama kunun kanwa, ta ƙwala mini kira ta ce in ɗebo mata ganye, ruwa ya kusa. Ban taɓa buɗe buhun da kaina ba. Na buɗe kabad ɗin, sai wani abu fari ya taso ya bugi goshina, ya faɗa kan tawul. Na ja da baya. Faɗa-wuta ne, irin ƙwarin nan masu fiffike da ke zagaya fitila. Amma ban taɓa ganin irinsa ba. Fari ne tas, fiffike da ƙafafu da kai, duk ya yi buzu-buzu kamar an tsoma shi a auduga. Sai can ƙarshen jikinsa, wani tulin gashi ruwan ƙasa, mai kauri, kamar an dangwala gindinsa a cikin ƙazanta. Da a hoto na gan shi wataƙila in ce yana da kyau. A kan tawul ɗin da nake goge jiki na gan shi, yana motsa gindin nan a hankali.

Na ɗaga kai, sai na ga ba shi kaɗai ba ne. Suna nan a manne a bangon kabad, a bayan ƙofa, a jikin buhun, sun naɗe fiffike sun yi lamo.

Ban san abin da ya sa na kwance bakin buhun ba. Wari ya fara bugo ni, warin ruɓaɓɓen ganye da wani abu kamar tsohon takalmi. Na jawo reshe guda zuwa haske. Ganyayen ba a sake suke ba. An tattara su uku-uku, huɗu-huɗu, an ɗinke da wata saƙa mai kama da yanar gizo, amma ta fi ta kauri da datti. Na sa farce na ɓare ɗaya. A ciki akwai wani abu baƙi-baƙi mai sheƙi, kamar ƙwallon dabino, kwance a cikin gashi. Na taɓa shi da tsinke, sai ya karkaɗa gindi. A kusa da shi ga wata busasshiyar fata, duk gashi, ta tsutsar nan gizaka, ta yamutse kamar an tuɓe riga an yar. A wani ganyen na ga gizakar kanta, matacciya, ruwan ƙasa mai duhu da farin zane a gefe da gefe, da ɗigo biyu ja a bayanta. Wasu ƙunshin kuma fanko ne, abin ciki ya riga ya fita. Ƙasan buhun cike yake da baƙin kashinsu kamar an zuba barkonon masoro.

Wannan ake tsomawa a ruwa. Wannan ake fyaɗa mini a baya da ciki da ƙirji, safe da yamma, tun da na dawo daga asibiti. Na tuna yadda wani lokaci in na fito wanka nake ganin 'yan baƙaƙen abubuwa a manne a cinyata, in sa hannu in share, ina cewa guntun ganye ne. Na durƙusa a gaban masai na yi ta amai har sai da babu abin da ke fita sai ruwa mai ɗaci.

Gwaggo ta shigo da ludayi a hannu.

“Lafiya? Wani cikin ne kuma tun yanzu?”

Na nuna mata reshen. Ta ɗauka, ta kai shi kusa da ido, ta nisanta shi, don ba ta sa tabaranta ba.

“Tsutsa ce. To sai me? Wane ganye ne babu tsutsa? Ai tafasasshen ruwa ya kashe su.”

“Gwaggo, dubi jikina.”

Ta duba. Wannan karon ta daɗe tana dubawa. Sannan ta kalli nata hannuwan, ta juya su. Sai a lokacin na lura da wuyan hannunta, da tsakanin yatsunta, duk sun yi ja, ta sha sosa su. Ta ce ita ta ɗauka sabulun wanke-wankenmu ne bai karɓe ta ba.

Abin da ya faɗo mini a rai a nan shi ne ya fi komai muni, kuma har yau in na tuna sai tsigar jikina ta tashi. Muna yara a Gombe an taɓa shanya rigar ƙanena a ƙasa, ƙuda ya yi ƙwai a ciki, aka sa masa ba a goge ba. Wasu marurai suka fito masa a baya. Da suka nuna, mahaifiyarmu ta shafa man gyaɗa a bakin ɗaya ta matsa, sai ga farar tsutsa mai ƙiba ta leƙo tana motsi. Ina tsaye ina riƙe da fitila. A makarantar sakandare kuma mun zana rayuwar irin waɗannan ƙwari a allo, da kibiya tana zagayawa: ƙwai, tsutsa, kwanciya, fiffike, sai kuma ƙwai. Na haɗa biyun a kaina. Tunda ga masu fiffike, to an yi ƙwai. Tunda ga ƙuraje masu ruwa a jikina, to a nan aka yi shi. Kowane ƙurji ɗaki ne, da mai shi a ciki. Wannan tafiyar da nake ji a ƙarƙashin fata, ashe da gaske tafiya ce.

Kuma a kan wannan ƙirjin nake kwantar da fuskar yarona.

Na ruga ɗaki. Yana barci, ya dunƙule hannu. Na sunkuya ban taɓa shi ba. A kumatunsa na dama, gefen da yake jinginawa in yana shan nono, akwai 'yan ƙuraje ƙanana masu farin kai. Wallahi ban san ko jiya suna nan ba. Na zauna a ƙasa na ɗora hannu a ka.

Da ya farka ya fara kuka, nonona ya amsa, ya jiƙa mini riga. Na miƙa hannu na janye. Gwaggo ta ɗauke shi ta miƙo mini.

“Karɓi ɗanki ki ba shi.”

“Ba zan iya ba.”

“Ke 'yar nan, kina hauka ne? Yunwa yake ji.”

“Ke ma ajiye shi, Gwaggo. Hannunki.”

Ta tsaya da shi a sama kamar an ba ta garwashi. Ta kwantar da shi a hankali, ta ja baya. Muka tsaya mu biyu a kansa, yana ta tsala ihu, fuska ta yi jawur, babu mai taɓa shi. A ƙarshe Gwaggo ta sa hannuwanta cikin ledar burodi guda biyu, ta naɗe shi da sabon zani, ta riƙa jijjiga shi a haka. Ledar tana ƙara, shi yana kuka, ni ina bakin ƙofa ina yi.

Na kira maigidana a wurin aiki. Ban san me na faɗa ba, shi dai ya ce abin da ya ji kawai “tsutsa” da “yaro”. Ya nemi izini ya taho, ya biya ya sayo madarar gwangwani da kwalba. Yaron ya tura robar da harshe, ya ƙi. Maigidana ya shiga banɗaki ya fito yana toshe hanci. Ya ɗauki kwalbar zuma da ta ƙare, ya kife ta a kan ɗaya daga cikin fararen, ya jefa ƙunshin ganye guda a ciki ya rufe. Sannan ya ɗauki hoto da wayarsa ya nema a intanet. Ina kallon fuskarsa yana karantawa. Ya ɗago ya kalli yaron, ya sake kallon wayar.

“Me suka ce?”

“Ɗauko mayafinki.”

“Ka faɗa mini me suka ce.”

“Sun ce gashinsa na da dafi. Wai har numfashi yana taɓawa. Ban gane sauran ba, tashi mu tafi.”

Na ce in muka je za su karɓe shi. Ya ce, “To a nan ɗin ke kike riƙe da shi?” Shi ne kaɗai jikinsa lafiya, don haka shi ne ya ɗora yaron a kujerarsa ta mota. Gwaggo ta ce ita ma za ta, ta shiga gaba ta rungume kwalbar a cinya. Ni na zauna a baya, na manne da ƙofa, na naɗe hannuwana a cikin mayafi. Duk tsawon Gate City Boulevard yaron yana kuka har muryarsa ta dishe, ni kuma ina kallon wuraren sayar da motoci suna wucewa, ina jin ƙirjina ya yi tauri kamar dutse. Gwaggo kuwa magana take ta yi da kanta. “Itacen da nake shara a gindinsa kullum,” take cewa. “Na ga bana ganyensa ya ragu, na ce ko fari ne.”

A asibitin yara aka sa mu a wani ɗan ɗaki mai sanyi. Nas ta zo ta ga hannuna, ta sa safar hannu. Da na ga safar nan sai na ce a raina shi ke nan, maganar Anti ta tabbata. Ta tambayi abin da ya faru. Turancina na makaranta ne, in suka yi sauri ba na kamawa, kuma ta ina zan fara bayyana wa Baturiya cewa ana dukana da ganye a cikin baho da yardata? Maigidana ya yi bayani. Ta ce a sake faɗa mata. Ya sake. Ta kalli Gwaggo, Gwaggo ta gyara mayafi ta kalli silin.

Muka yi ta jira. Azahar ta wuce muna nan. Yaron ya gaji ya yi barci a kafaɗar ubansa, yana ajiyar zuciya.

Likitar da ta shigo mace ce mai furfura, 'yar gajera. Yaron ta fara dubawa. Ta tuɓe shi tsirara, ta duba wuya da hammata da bayan kunne, ta ɗora abin sauraro a ƙirjinsa da bayansa, ta daɗe. Ta maƙala masa wani abu mai jan haske a ƙafa. Sannan ta juyo kaina, ta ce in ɗaga riga. Na ɗaga ina kallon bango. Ta ɗauki kwalbar ta ɗaga ta wajen hasken fitila, farin abin ya motsa a ciki. Ta ce ita ba ta taɓa ganin irinsa a nan ba. Ta tambayi daga ina ganyen ya fito. Da maigidana ya ce Maine, sai ta ce mu ba ta 'yan mintoci, ta fita da kwalbar.

Da ta dawo ta jawo kujera ta zauna daf da ni. Ta ce ta duba, ta kuma yi waya da wani likitan fata. Ta yi magana a hankali don in ji da kaina, inda na ɓace maigidana ya cike mini da Hausa.

Ta ce wannan ƙwaron asalinsa na Turai ne. Fiye da shekara ɗari da suka wuce ya ƙetaro teku a jikin dashen itatuwa, ya taɓa bazuwa, sannan ya ja baya, yanzu a wannan ƙasar kusan can kusurwar arewa maso gabas kawai ake fama da shi, musamman inda Gwaggo take zaune. Mutanen can sun san shi, har ba sa shanya a waje a irin wannan lokacin. Ta ce macen tana yin ƙwai a bayan ganye a tsakiyar bazara, ta tsige gashin gindinta ta rufe su. Su ƙyanƙyashe kafin sanyi, su saƙa gida ɗaya a ƙarshen reshe su kwanta a ciki duk tsawon hunturu, ƙanƙara na zuba a kansu. In ganye ya tsiro su fito su ci, su yi ta tuɓe fata suna girma. Wajen watan Yuni sai kowace ta jawo ganye ta naɗe kanta, ta kwanta, a watan Yuli ta fito da fiffike. Wato daidai lokacin da suka shiga kwanciya Gwaggo ta sare su ta zuba a buhu, suka ƙarasa a kabad ɗinmu.

Duk wannan ina jin sa ne kamar daga nesa. Tambaya ɗaya ce a bakina, kunya da ƙyama sun hana ta fita. Na faɗa wa maigidana da Hausa, na ce ya tambaye ta. Ya tambaya ko akwai ƙwai a cikin fatar, ko wani abu zai fito.

Likitar ba ta yi dariya ba, Allah ya saka mata. Ta cire safar hannunta, ta kama hannuna da nata hannun, ta ɗora yatsa a kan ƙurajen. Ta ce babu komai mai rai a jikina. Wannan ƙwaron a ganye kawai yake ƙwai, ganye kawai tsutsarsa ke ci. Abin da ya same ni gashin gizakar ne, ƙanana ne ido ba ya gani, suna da ƙaya da dafi, suna nan a cikin saƙar da tsohuwar fatar ko bayan mai su ta mutu. Su ne suka soki fatata, kuma duk wanka ana ƙara sababbi, shi ya sa ya ƙi warkewa. Ta ce ba ya bin jini, ba ya shiga nono, kuma ƙurjin ba ya tashi daga mutum zuwa mutum.

“Na kumatunsa fa?” Wannan da bakina na tambaya, da Turancina.

Ta ce irin na jarirai ne, yawancinsu suna yi a makonnin farko, zai tafi da kansa. Ƙirjinsa kuma fes yake. Abin da za mu kiyaye shi ne gashin da ya rage a gida: a wanke tawul da zannuwa da zanen gado, a goge kabad da jiƙaƙƙen tsumma, kada a share a bushe. Buhun a ƙulle shi cikin leda biyu, a kashe masu fiffiken, kada a bar ko ɗaya ya fita waje, don ba a son su sami wurin zama a nan. Ta rubuta mini man shafawa, ta ce kada in sa a inda bakinsa ke kaiwa.

Gwaggo ta taɓa gwiwar maigidana.

“Tambaye ta, wankan fa?”

“Haba Gwaggo.”

“Ka tambaye ta na ce. Kwana arba'in ne, ko rabi ba mu yi ba.”

Ya tambaya. Likitar ta ce ruwa mai ɗumi ba laifi, ban da mai ƙuna, ban da ganye kowane iri. Gwaggo ta ce, “To a ce wanka ne wannan?” Amma a ciki ta faɗa, tana sosa tsakanin yatsunta.

Aka kawo mini tsumma mai ruwa da wata rigar asibiti. Na shiga bayan labule na goge wuyana da ƙirjina da hannuwana, na cusa rigata da mayafina a leda na ƙulle. Ina gogewa ina jin warin buhun nan a hancina, ko da yake na san babu shi a ɗakin. Har yau ban iya cin tuffa ba, kuma in na ga farin abu a jikin labule sai na fita daga ɗakin.

Da na fito, la'asar ta yi, rana ta karkato ta tagar ɗakin. Yaron ya farka yana neman abin tsotsa a wuyan rigar ubansa. Na tsaya nesa kaɗan, hannuwana a baya. Na sake tambayar likitar ko ta tabbata. Ta ce ta tabbata, ni da shi duka lafiyarmu ƙalau, in ɗauki ɗana. Ita da kanta ta karɓe shi daga hannun ubansa ta ɗora mini. Gwaggo ta matso ta tallafa mini gwiwar hannu da tata, ta kauce da yatsunta don kada su taɓa shi. Ya yi ta lalube yana huci, ya kama da ƙarfi har sai da na ce wash. Likitar ta ja labule ta fita.